Harbi kake so ko labarin yakuza? Gem huɗu a kan sikeli

Ƙanin wani abokina ne ya tsare ni da tambaya ranar wata Asabar. Ya gaji da ƙwallo, ya gaji da harbe-harben waya, ya kuma kalli wasu guntayen bidiyo na mutanen nan masu zane a gadon baya da yankakken ɗan yatsa. Yanzu gem ɗin 'yan yakuza, wato ƙungiyoyin masu aikata laifi na Japan, yake so, amma lalle irin wanda ba ka ganin jikin jaruminka sai hannunsa da bakin bindiga, abin da 'yan gem ke kira FPS. Kuɗin gem ɗaya yake da shi, datar ma ta saukewa ɗaya ce. "Yaya, wanne zan saya?"

Na ce masa taura biyu ce ya ɗebo, kuma da wuya su taunu a tare. Gem ɗin da suka ba ka bindiga a gaban ido ba su cika damuwa da sanin yakuza ba, wanda kuma ya san yakuza ciki da bai, da dunƙulallen hannu yake faɗa. Akwai dalili. Japan ƙasa ce mai tsananin doka a kan makami tun dokar bindiga da takobi ta 1958, kuma harba bindiga a bainar jama'a na iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai. Bayan haka an yi wa dokar yaƙi da ƙungiyoyin, wadda ta fara aiki a 1992, gyare-gyaren da suka ba da damar neman diyya daga shugaba kan ɓarnar da yaransa suka yi. To wane oyabun ne, wato uban gida, zai so yaronsa ya fita titi yana ruwan harsashi? Yakuza ba 'yan daban lungu ba ne. Suna da ofisoshi da 'yan sanda suka san adireshinsu, harkarsu kuwa kuɗin kariya ce da caca da bashi da ruwa da ƙwaya da kwangilar gini. A farkon shekarun 1960 sun haura mutum 180,000, zuwa 2024 kuwa ƙididdigar 'yan sandan ƙasar ta nuna ba su kai 20,000 ba. Saboda haka duk gem ɗin da ya cika maka allo da ɗaruruwan 'yan yakuza riƙe da manyan bindigogi, tatsuniya yake yi maka. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da ka saya.

Ga ma wani abin lura: cikin huɗun da zan auna, uku masu harbin duk ba Japanawa suka yi su ba. Ɗaya a Paris aka haɗa shi, biyu a Warsaw ta ƙasar Poland. Na huɗun ne kaɗai ɗan gida.

## Ma'aunin da zan bi

Na farko, shin harbi ne na gaske da idon ɗan wasa, kuma hannu na jin daɗinsa? Na biyu, yakuza nawa ne a ciki, su ne tuwon ko kuwa yaji ne aka barbaɗa? Sai kuɗi, kuma ba kuɗin gem kaɗai ba, har da na'urar da zai hau da datar da zai sha. Sai ƙarko: awa nawa zai ɗauke ka, kuma za ka so komawa bayan ka gama? Sai sauƙin koyo da sauƙin samu. Na ƙarshe haɗari, wanda ni na kasa shi uku: asarar kuɗi, asarar wasan da ka yi idan aka ɗauke wuta, da abin da zai iya bayyana a allo daidai lokacin da Hajiya ta leƙo falo.

## Red Steel, 2006

A takarda wannan ne amsar tambayar yaron, ba ragi ba ƙari. Kamfanin Ubisoft ne ya yi shi a reshensa na Paris, ya fito tare da na'urar Wii ta Nintendo a watan Nuwamba 2006. Kai ne Scott Monroe, Ba'amurke mai aikin gadin manya, za ka auri Miyu Sato. Ranar da za a gabatar da kai ga surukinka Isao Sato a wani otal a Los Angeles aka kawo hari, ashe surukin naka babban ɗan yakuza ne. Aka sace Miyu, ka bi sawu har Tokyo, inda wani matashi mai suna Tokai ke son ture dattawan ƙungiya ya haye kansu. Rikicin tsofaffi masu riƙo da al'ada da yaro mai gaggawa shi ne ƙashin bayan labarin, kuma daga farko har ƙarshe mutane kake faɗa da su, babu aljani ko ɗaya.

Yadda ake buga shi ne ya sa aka yi ta zumuɗinsa a lokacin. Rimot ɗin Wii kake nuna wa talabijin kamar bindiga. Ka karkata hannu, bindigar da ke allo ta karkata. Ka miƙa hannun gaba, a jawo maka abokin gaba kusa. Ɗaya hannun yana riƙe da abin da ake kira Nunchuk, da shi kake tafiya, ka girgiza shi ka buɗe ƙofa ko ka sake ɗura harsashi. Akwai dabarar tsayar da lokaci ka harbe bindiga daga hannun mutum ba tare da ka kashe shi ba, sannan ka yi masa alama ya durƙusa. Idan ka kayar da wani a faɗan takobi, zaɓi naka ne, ka ƙarasa shi ko ka bar shi da ransa, kuma barin nasa ne ke ƙara maka makin girma. Wannan ya burge ni. Cikin gem ɗin harbi kaɗan ne ke ba ka lada don ka yafe.

Matsalar ita ce alƙawarin ya fi aikin. Juyawa hagu ko dama sai ka kai alamar saiti can gefen allo kafin jarumin ya fara waiwayawa, a hankali kamar mai ɗauke da tulu a ka, alhali ana ta ɗirka maka harsashi ta baya. Takobin kuwa ba ya bin hannunka sak. Kai ka yi sara, gem ya zaɓi ɗaya daga cikin 'yan saran da ya haddace ya yi. Ba kuma ka da ikon zare shi lokacin da ka ga dama, sai gem ya ce yanzu lokacin takobi ne, ka ga mutum da bindiga cike da harsashi a ƙugu ya tsaya yana kare sara. Hoton ma tun a 2006 ba a yaba shi ba, balle yau a babban talabijin, ga shi Wii ba ta da ramin HDMI sai ka nemi ɗan abin juyawa.

Wajen kuɗi, faifan kansa ba ya tsada a kasuwar kayan hannu. Wahalar ita ce ba a taɓa fitar da shi a kwamfuta ko PlayStation ko Xbox ba, dole sai Wii, ko Wii U mai karɓar faifanta, kuma an daɗe da daina ƙera su. Sai ka haɗa na'ura da rimot da Nunchuk da sandar nan da ake ɗorawa a kan talabijin, da batir biyu ƙanana da rimot ɗin ke cinyewa kamar gyaɗa. Abu biyu na koya da kuɗina. Wii ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka wutar 120 cajarta ke sha, mu kuwa tamu 230 ce. Wanda ya sayar mini bai faɗa ba, ni ma ban duba bayanta ba, na soka a bango, sai ƙara ɗaya "ɗas" da ƙaurin roba. Na biyu, faifan Turai ba ya tashi a na'urar Amurka, haka na Amurka a ta Turai, don haka ka dubi tambarin kwali kafin ka biya. Wani abin dariya kuma: sandar kan talabijin ɗin ba komai ba ce illa fitilu masu hasken da ido ba ya gani, rimot ne ke kallonsu. Idan ranar la'asar ta shigo ta taga a bayan talabijin, sai ka ga saitinka yana tsalle kamar ɗan akuya. Na ɗauki kwanaki ina zargin rimot kafin na gane labule ne maganin.

Akwai manhajar Dolphin mai kwaikwayon Wii a kwamfuta, kuma da ita hoton yana fitowa tas fiye da na asali, linzamin kwamfuta ya maye gurbin nuni. Sai dai saita motsin takobi a maɓallai aikin haƙuri ne, kuma hanyar da ta halatta ita ce ka kwafo daga faifan da ka mallaka.

Tsawonsa wajen awa goma ne. Bayan nan abin da ya rage shi ne wasan mutum huɗu a talabijin ɗaya, allo a rabe, wanda ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Ta fuskar tarbiyya shi ne mafi sauƙi a huɗun, domin a Amurka ajin matasa aka sa shi, ba a nuna jini yana malala, ko da yake akwai wuraren shaƙatawar dare a ciki.

Kada sunan Red Steel 2 na 2010 ya ruɗe ka. Ya fi na farkon daɗin bugawa nesa ba kusa ba, takobinsa na bin hannu sosai saboda ƙarin na'urar MotionPlus, amma an watsar da Tokyo da yakuza gaba ɗaya, an koma wani garin hamada na kaboyi masu takubba.

## Shadow Warrior, 2013

In daɗin hannu ake magana, nan ne wurin. Kamfanin Flying Wild Hog na Warsaw ya yi shi, Devolver Digital ta fitar a kwamfuta a Satumba 2013, sannan PS4 da Xbox One a 2014. Sabunta wani tsohon gem ne na 1997 mai wannan suna. Jarumin Lo Wang ne, ɗan aiken wani hamshaƙin attajiri Orochi Zilla, an ba shi jaka da dala miliyan biyu ya je ya sayo wani tsohon takobi, Nobitsura Kage, a hannun wani mai tara kayan tarihi. Mai takobi ya ce ba na sayarwa ba ne. Daga nan sai sara.

Babin farkon nan shi ne ainihin abin da ƙanin abokina ke mafarki: gida irin na Japan da lambu da tafkin kifi da itatuwa masu furanni, ga ƙarti cikin baƙaƙen kwat suna fitowa ta kowace ƙofa. Amma kafin ka gyara zama labarin ya juya, aljanu sun ɓarke daga wata duniya, wani aljani mai abin rufe fuska da ake kira Hoji ya zama abokin tafiyarka, kuma mafi yawan sauran wasan da dodanni za ka yi shi. 'Yan yakuza da sojojin Zilla suna sake leƙowa nan da can, amma sun zama 'yan rakiya. Wanda ya zo neman siyasar cikin gidan ƙungiya, wa ya ci amanar wa, wa zai gaji kujera, ba zai same ta a nan ba.

Abin da zai samu shi ne takobin da ya fi na kowa a jerin nan. Kana iya zare shi kowane lokaci, kuma sau da yawa ya fi bindigar amfani, har ni kan manta ina da ita. Ana danna maɓallin tafiya sau biyu a haɗa da na sara, sai ya ba da wani salo daban: suka mai huda layi guda, ko juyi mai share duk wanda ya kewaye ka. Da irin wannan dannawar kake warkar da kanka ba tare da neman akwatin magani ba. Kuɗin da ka tsinta na gyaran bindigogi ne, makin da ka samu wajen iya kisa na sabbin dabaru ne, wasu duwatsu masu ƙyalli kuma na ƙarfin sihiri, wanda ke fitowa a matsayin zane a jikin Lo Wang. Babi 17 ne, awa goma sha biyu zuwa sha biyar ga mai matsakaicin hannu. Gaskiya daga tsakiya yana ɗan ja, filin jirgin ruwa da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun yi kama da juna, manyan dodannin ƙarshen babi kuma dabararsu kusan ɗaya ce.

Ta wajen aljihu shi ne mai rangwame. Gem ne na 2013, don haka laftof ta hannu mai katin hoto na daban, ko da tsoho ne, za ta ja shi idan ka rage ƙyale-ƙyalen hoto. Farashinsa na faɗuwa ƙasa warwas a lokutan ragi na Steam, shagon sayar da gem a intanet, wato ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Yana kuma shagon GOG, inda kake sauke fayil ɗin girkawa ka adana a filas, ka girka ba tare da intanet ba duk ranar da ka so. Ga wanda data ke yi wa tsada wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na 1997 ɗin ma kyauta yake a shagunan biyu, kuma kusan kowace kwamfuta na ɗaukarsa, in kana iya jure hoton zamanin da.

Haɗarinsa a allo yake. Jini ne faca-faca, hannuwa da kawuna na tashi sama, bakin Lo Wang kuma babu linzami, barkwancinsa rabi na batsa ne. Ba na falo ba ne. Saurinsa kuma na sa wasu jiri. In kana cikinsu, shiga saiti ka faɗaɗa kusurwar gani ka kashe dishi-dishin motsi kafin ka yanke hukunci.

Shadow Warrior 2 na 2016 ya ɗan ƙara wa yakuza matsayi, tunda su ne ke ba Lo Wang aiki a farkon labarin, kuma mutum huɗu na iya bugawa tare ta intanet. Sai dai ya cika ka da tarkacen makamai da lambobi, ka yi ta zama a menu kana auna wannan da wancan. Ni na farkon na fi so.

## Cyberpunk 2077, 2020

Wannan na saka shi ne saboda duk wanda ya yi irin tambayar nan sai wani ya ambata masa shi. CD Projekt Red suka yi shi, ya fito ranar 10 ga Disamba 2020. Da idon jarumi kake ganin komai, akwai bindiga iri-iri, akwai takobi. Amma ba a Japan yake ba, a wani ƙirƙirarren birni ne, Night City, a gaɓar California. Japan ɗin ta shigo ta ƙofa biyu: katafaren kamfanin Arasaka da rikicin gadon gidansu, da kuma gungun Tyger Claws masu riƙe da unguwar Japantown, da baburansu da takubbansu da zanen jiki mai walƙiya. Sun ari salon yakuza, suna karɓar kuɗin kariya, suna riƙe da gidajen dare, suna zaginka da Japananci fassara na bayyana a allo. Akwai wata tsohuwa Wakako Okada da ke zaune a bayan shagon cacar pachinko tana raba ayyuka, magana a hankali, ido a bushe. Ita kaɗai ta fi duk mutanen Red Steel kama da wadda ta san harkar. Duk da haka gungu ɗaya ne cikin da yawa, labarin kuma na V ne, jarumin da kake bugawa, da Johnny Silverhand, wanda Keanu Reeves ya hau.

Ƙarko babu na biyunsa a masu harbin: awa ashirin da biyar zuwa talatin a babban labari, ɗari ma ta wuce ga mai bin kowane lungu. Yana ajiye wasa da kansa a kai a kai, kai ma kana iya ajiyewa kusan ko'ina in ba a tsakiyar faɗa ba. Yana da rubutun Larabci da muryoyin Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Nijar da Chadi da Sudan daɗi.

Kuɗin ne dutse. Dala 59.99 aka sa masa da ya fito, ko da yake yana samun ragi. Tun gyaran 2.0 na Satumba 2023, mafi ƙarancin abin da yake nema a kwamfuta shi ne RAM giga 12, katin hoto ajin GTX 1060, da fili giga 70 a faifan SSD. Lissafa datar saukewa, ka lissafa man janareto, don kwamfutar da ke jan wannan ba ta daɗewa a batir. Babban tarkon shi ne faifan PS4. Za ka gan shi da araha ka yi murna. A PS4 ne gem ɗin ya fito a lalace har Sony ta cire shi daga shagonta a Disamba 2020, bai dawo ba sai Yuni 2021. An gyara shi daidai gwargwado, amma gyaran 2.0 da ƙarin labarin Phantom Liberty ba su zo PS4 da Xbox One ba. Wanda ake yabo a bidiyo ba shi ne zai hau na'urarka ba. Sannan akwai tsiraici da zagi da ƙwaya a fili. Akwai maɓallin rufe tsiraici a saiti, amma allunan tallan da ke titunan birnin kansu ba su da kunya.

## Yakuza 0, 2015

Wannan ba FPS ba ne, na faɗa tun yanzu. Kana ganin jaruminka daga baya, faɗan kuma na naushi ne da ƙafa da duk abin da hannu ya kai gare shi, keke ko allon talla ko kujera. Bindiga na nan, amma harsashi kaɗan ne, in ya ƙare ta zama ƙarfen banza. Akwai wani yanki na tsere da mota inda kake harbi, shi ke nan. To me ya kawo shi jerin? Saboda in yakuza ɗin ne ya ja ka, sauran ukun wasan yara ne a gabansa.

Sega ce ta yi shi, ya fito a Japan a Maris 2015, Turai da Amurka a Janairu 2017, kwamfuta a Agusta 2018. Labarin a Disamba 1988 yake, lokacin da farashin fili a Tokyo ya haukace, kuɗi na yawo kamar ganye. Kiryu Kazuma, ɗan shekara 20, ƙaramin yaro a gidan Dojima na ƙungiyar Tojo, ya je karɓar bashi ya lakaɗa wa wani mutum duka a wani ɗan kangon fili da ke tsakanin gine-gine. Kashegari aka tsinci mutumin a wurin, an harbe shi. Fili ne da bai fi ɗaki ba, amma shi kaɗai ya rage a saya kafin a rushe unguwar a sake gina ta, kuma uban gidan ya yi alƙawarin babban muƙami ga duk wanda ya kawo masa shi cikin manyan yaransa uku, Kuze da Awano da Shibusawa. Ka lura: gawa ɗaya da harbi a jikinta ta girgiza ƙungiya gaba ɗaya, ta jawo 'yan sanda da 'yan jarida. A Red Steel kafin ka fita daga otal ɗin farko ka kashe mutum hamsin ba wanda ya tambaya. Wannan bambancin shi ne duk maganar da nake yi tun sama.

Can Osaka kuma ga Majima Goro, mai ido ɗaya, an kore shi daga ƙungiya an tsare shi yana kula da wani gidan rawa, an ce in yana son komawa sai ya kashe wani Makimura Makoto. Ba zan faɗi abin da ya tarar ba. Unguwannin biyu, Kamurocho da Sotenbori, an kwaikwayo su ne daga Kabukicho ta Tokyo da Dotonbori ta Osaka, har da cunkoson fitilu da ƙananan shagunan abinci. A nan za ka ga yadda ake yanke ɗan yatsa don neman afuwa, da yadda ake shan rantsuwar 'yan'uwantaka da ƙoƙon giya, da yadda yaro ke sunkuyawa gaban na sama da shi ko da ya tsane shi. Shi ma yana da nasa ƙarin gishirin, mutum ɗaya na tashi da ƙarti talatin, kuɗi na zubowa daga jikin wanda ka nausa. Kuma yana nuna su da kwarjinin da na gaskiyar, masu cin jinin talaka da bashi da ruwa, ba su cancanta ba.

Babi 17 ne, kamar awa talatin in ka miƙe, fiye da ninki biyu in ka tsaya harkar dillancin filaye ta Kiryu da ƙananan labaran gefe, waɗanda wasunsu za su sa ka dariya har da hawaye. Dala 19.99 aka sa masa da ya zo kwamfuta, kuma ba ya neman na'ura mai ƙarfi kamar Cyberpunk. Faifan PS4 na hannu ma ana samu, yana kuma tafiya lafiya lau a kanta.

Illolinsa uku. Magana ta yi yawa, kuma a bugun asali da Japananci ake yinta, kai kana karanta Turanci a ƙasa, wani lokaci minti goma sha biyar ba ka taɓa maɓalli ba. Wanda karatun Turanci ke gajiyar da shi zai sha wuya. Sabon bugun Director's Cut na 2025 ya ƙara muryoyin Turanci da rubutun Faransanci. Na biyu, a bugun PS4 na asali ba ya ajiye wasa da kansa, sai ka je rumfar tarho a titi, ko ka jira ƙarshen babi. Na taɓa shafe fiye da awa ɗaya ina fafatawa a wani dogon faɗa cikin gini, na kayar da babban, ana cikin jawabin bayan faɗa aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu da hannun gem a cinya, ban ce komai ba. Tun ranar duk rumfar tarhon da na gani sai na tsaya. Na uku, akwai caca da giya da gidajen 'yan mata masu zama da baƙi, da wasu ƙananan wasanni na rashin kunya. Yawancinsu kana iya kauce musu, amma ba duka ba.

## A taƙaice cikin jadawali

| | Red Steel | Shadow Warrior | Cyberpunk 2077 | Yakuza 0 |
|---|---|---|---|---|
| Harbi da idonka | E | E | E | A'a |
| Yawan yakuza | Duk labarin, sama-sama | Kaɗan, sauran aljanu | Gungu ɗaya mai kama da su | Duk labarin, da zurfi |
| Na'ura | Wii ko Wii U | Kwamfuta, PS4, Xbox One | Kwamfuta mai ƙarfi, PS5, Xbox Series | Kwamfuta, PS4, Xbox |
| Nauyi a aljihu | Faifai araha, haɗa kaya wahala | Mafi sauƙi | Mafi tsada | Matsakaici |
| Tsawo | Awa 10 | Awa 12 zuwa 15 | Awa 25 zuwa 100 | Awa 30 zuwa sama |
| Koyo | Saiti mai taurin kai | Nan da nan | Menu da yawa | Sauƙi, sai yawan karatu |
| A gaban iyali | Da dama-dama | A'a | A'a | Da taka-tsantsan |

Gargaɗi ɗaya ya shafi ukun da ke kwamfuta. Za a ce maka akwai mai tura gem a filas da 'yan kuɗi kaɗan. Fasasshen gem hanya ce da ɓarayin intanet suka fi so wajen cusa manhajar satar kalmar sirri, kuma in a kwamfutar kake shiga banki ko imel, arahar ta zama tsada. A Steam kuwa, in ka saya ka ga na'urarka ba ta ja, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa biyu ba. Yi amfani da awa biyun nan wajen gwada wurin da ya fi cunkoso, kada ka ɓata su a ƙirƙirar fuskar jarumi.

## Wa ya dace da wanne

Mai tsohuwar laftof da 'yar data, wanda hannunsa ke ƙaiƙayin harbi da sara, ya ɗauki Shadow Warrior na 2013, ya jira lokacin ragi, ya kuma saya a GOG in zai iya. Ya dai sani bayan awa ɗaya aljanu zai koma yi wa aski.

Wanda ya riga yana da Wii a gida, ko yake da abokai uku da ke taruwa a ɗakinsa da yamma, Red Steel zai biya masa buƙata, kuma shi kaɗai ne ya cika sharuɗɗan nan biyu na harbi da yakuza a tare. Amma ban ba kowa shawarar ya sayi Wii takanas saboda shi ba.

Mai PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi da wutar sola, wanda ke son gem ɗaya da zai riƙe shi wata uku, Cyberpunk 2077. Mai PS4 ya haƙura da shi.

Wanda kuwa zanen bayan nan da yankakken yatsa da zaman dattawa a kan tabarma ne suka ja hankalinsa tun farko, ya ajiye maganar FPS ya ɗauki Yakuza 0. Ƙanin abokin nawa PS4 ce da shi, ta yayansa ce ma, don haka shi na ce ya nema. Ya ɓata rai ya ce shi fa bindiga yake so. Bayan sati biyu ya turo mini saƙo da ƙarfe ɗaya na dare yana tambayar yadda ake kayar da Kuze a karo na biyu, wanda yake zuwa a kan babur da bututun ƙarfe a hannu.